Simintin da Baba Ya Yi wa Kaka

Tun da sanyin safiya ake buga wani abu a gidan maƙwabciyata, ƙum, ƙum, a yi shiru, a sake. Na jingine tsintsiya na leƙa. Ashe tayil ake sa mata a falo. Wani saurayi ne shi kaɗai a durƙushe, ya toshe kunnuwansa da abin sauraren waya, yana ɗora tayil yana bubbuga shi da gudumar roba. Maƙwabciyar tawa Kirista ce 'yar kudancin Kaduna, tana aiki a jami'a a nan Dutsin-Ma, mace ce mai son gyaran gida. Ta jawo ni ciki tana nuna mini hotuna a wayarta: ga kalar labulen da take so, ga fitilun da za a binne a silin, ga wani bango mai ruwan toka da aka rataya wa zagayayyen madubi. Na ce ma sha Allah, na yaba, don abin ya yi kyau ba ƙarya. Amma kunnena yana wajen gudumar nan. Na dawo gida na kasa ƙarasa sharar.

Ban sani ba ko kin taɓa jin ƙarar daɓe. In 'yar bayan siminti ce ke, to bari in gaya miki. A ƙauyukanmu, ƙasan ɗaki mata ne ke yin sa da hannunsu. A haƙe tsohuwar ƙasa, a zubo sabuwa mai tsakuwa, a baje, a yayyafa ruwa, sai mata su durƙusa a jere kowace da madaɓinta, wato wani guntun icce mai faɗin ciki da mariƙi, su yi ta bugu har ƙasar ta kwanta. Ana yi ana yayyafa makuba, ruwan ɓawon ɗorawa ke nan da aka jiƙa har ya yi duhu, shi ke sa ƙasa ta yi ƙarfi ta yi ƙyalli. Aikin ba na mutum ɗaya ba ne. In hannu ya yi kaɗan, wani gefe zai bushe kafin a iso shi, daɓen ya tsage. Saboda haka mai son daɓe dole ta yi gayya, wadda aka gayyata kuma dole ta zo, don gobe nata ɗakin ne.

A hannun kakata na tashi, mahaifiyar babana, a Ɗantutture ta ƙasar Kurfi. Sunanta aka sa mini, don haka ana yaye ni ta aiko a kai mata takwararta. Babana shi ne ɗanta na fari, yana aiki a ƙaramar hukuma a Dutsin-Ma. Kin san halin mutanenmu da ɗan fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon idonsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. In ya zo gaishe ta ya durƙusa a bakin ƙofa, sai ta kau da kai ta amsa a taƙaice kamar an tilasta mata. Shi kuma ba ya iya kiran sunana tunda na uwarsa ne, sai dai ya ce Uwata. Haka na girma tsakanin mutum biyu masu son juna, kowanne in yana da magana da ɗan'uwansa sai ya ba ni in kai, ko da tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce tabarma ba.

Ɗakin Kaka yana can ƙuryar gida, bayan rumbuna. Kakana ya rasu tun ban san kaina ba. 'Ya'yanta mata aure ya watsa su, wata tana Kutawa, wata cikin Kurfi, wata har Maraɗi. Ƙanen babana ne a sashen gaba da matarsa da yaransa maza, su kuma gona ta cinye su, da damina ba ka ganin su sai magariba. Sai mu wuni ba wanda ya ɗaga asabarin ƙofarmu in ba iska ba. Kaka ba mai shiga gidaje ba ce, tana da wani irin jan aji da ya hana ta zuwa inda ba a kira ta ba. Tana sonka, amma sai ka zo ka same ta.

Sai dai in ka zo ɗin, ka ga ɗaki. Bangon ta shafe shi da farar ƙasa, daga ƙasa kuma ta ja masa jar ƙasa har zuwa gwiwa, tsakaninsu ta bi da yatsu uku ta yi wani zane mai lanƙwasa tun shafen yana ɗanye. Jerenta yana fuskantar ƙofa, manyan fanteka a ƙasa, langa a kansu, tasoshi a sama, kowace an goge ta da toka har kana ganin hancinka a ciki. Ba a cin abinci a cikinsu, kuma wanda ya taɓa ya sha rankwashi, ni shaida ce. Fayafai masu kala ta jera su a bango daga babba zuwa ƙarami, ƙorai a ragaya, fitila a alkukinta. Takan ce jere ba yawan kaya ba ne, a bar wa ido wurin hutawa. Ta raina matan da ke cusa komai a bango, ta ce ɗakinsu ya zama rumfar kasuwar Kurfi. Duk da haka abin da baƙo ke fara yabawa shi ne ƙasan, baƙi-baƙi da ja-ja, mai sanyi a tafin ƙafa, mai wani ƙamshi da ban sake jin irinsa ba.

Mutane suna daɓe ne in za a kawo amarya, ko in ƙasa ta farfashe. Kaka kuwa duk shekara take yi. Daɓenta lafiyarsa ƙalau, ko allura ba za ta sami tsaga ba, amma da an gama kai amfanin gona gida sai ta sa a haƙe shi. Matar ƙanen babana takan yi ƙunƙuni ta ce tsohuwa da son gwaninta, wai ɗaki ɗaya sai ka ce na amarya. Ni ma a lokacin haka na ɗauka. Tun bazara take fara shiri, lokacin da ɗorawa ke nuna. Ƙawarta, wata tsohuwa mai sana'ar daddawa, ita ke tara mata ɓawo, mu shanya, mu ɗura a tsohuwar tukunya mu rufe. Duk tsawon damina Kaka takan buɗe tukunyar ta duba ko gara ta shiga, ta mayar da murfi, ta koma ta zauna.

Ranar daɓe kuwa, ƙuryar nan tamu da kaji kaɗai suka sani sai ta cika maƙil. Mata su shigo da hantsi, kowace da madaɓi a hammata, goyo a baya, zani ɗaure a ƙirji. Ga fura a babbar ƙwarya, ga dambu, ga goro. Ƙawar Kaka mai daddawa ita ce zabiya. Ba ta da kyan murya, wata irin murya gare ta mai kaushi, amma in ta ba da waƙa sai ka ji tsigar jikinka ta tashi. Ita ta bayar, mata su amsa, kuma a kan amshin ne madaɓai ke sauka gaba ɗaya. Amfanin waƙar ke nan, ba don nishaɗi kawai ba. Ita ke haɗa hannaye su faɗi tare, daɓe ya fita bai ɗaya ba tudu ba kwari. A cikin waƙar a tsokani mazan da ba sa cefane, a yi wa surukai habaici, a ambaci matan da aka yi daɓen bara da su bana ba su. Nan sai bugun ya yi nauyi, wata ta share ido da gefen zani, can kuma wata ta rangaɗa guɗa a koma dariya.

Kaka ba ta waƙa, amshi ma a ciki-ciki take yi. Aikinta yayyafa makuba da tsintsiya da yi wa mutane faɗa. Wance hannunki ya mutu, wance kin bar mini rami a bakin gado. Su rama, ta rama, har a kai ga tone-tonen abin da ya faru tun suna 'yan mata. A ranar kaɗai nake jin dariyar Kaka har da ƙyaƙyatawa. Bayan an watse ma abin bai ƙare ba, don sai an yi kwanaki mata suna leƙowa ganin yadda daɓe ya bushe, a zauna a yi hira, sannan ita ma a bi ta da gayyar nasu ɗakunan, ta tafi da ƙafarta tunda an kira ta. Da wannan take cin rani, da tunaninsa take cin damina.

Shekarar da aka ƙara wa Baba girma a wurin aiki, ya rasa abin da zai yi wa mahaifiyarsa. Zani tana da shi, abinci ba ta rasa ba. Sai ya tuna yadda take wahalar haƙa da jiƙa da durƙuso duk shekara, ga gwiwa ta fara ciwo. Wata safiya bayan kaka sai ga a-kori-kura a ƙofar gida, da buhunan siminti da yashi da magini daga Kurfi. A lokacin siminti a ɗakin tsohuwa a ƙauye abin faɗa ne. Baba ya durƙusa a bakin ƙofa, fuskarsa cike da murna, ya ce da ni in gaya mata daga yau ta huta da daɓe har abada.

Makuba tana jiƙe a tukunya a bayan ɗaki, an riga an sa ranar gayya. Na dubi Kaka. Ta daɗe tana kallon bango. Da wani ne cikin 'ya'yanta, da ƙanen babana ne, wallahi da ta kore shi da maginin nasa, don bakinta ba ya shiru. Amma ɗan fari ne, ga mutane sun taru suna sa masa albarka. Ta gyara ɗankwali ta ce, "Takwara, ce mishi an gode. Allah shi yi albarka."

Aka fitar da jere aka tara a tsakar gida, tasoshin da ba sa ganin rana suka wuni a rana. Kafin la'asar magini ya gama, ya goge, har ya ja layi da igiya ya yi mata gida-gida don ado. Kaka ta zauna a gindin rumbu tana tsinkar zogale, ba ta leƙa ba ko sau ɗaya. Da yamma ta ɗauki tukunyar makubar ta juye a gindin katanga.

Kwanakin farko an yi ta zuwa kallo. Mata su taka su ce kai, santsi, Allah ya ba mu ɗa irin naki. Daga nan ƙafa ta ɗauke, don siminti ba ya bushewa sau biyu, ba abin da za a dawo dubawa. Kuma kin san mu da koyi. Duk mai ɗa a birni sai ta aika masa cewa an yi wa wance. Kafin wasu 'yan shekaru gayyar daɓe ta yi wuya a unguwarmu, ba wadda ke kiran Kaka, ita ma ba ta da dalilin kiran kowa. Ba wanda ya yi faɗa da wani. Ana gaisawa a biki da makoki, shi ke nan.

Ita dai ba ta taɓa kushe simintin a gaban mutane ba. A gabana ne take cewa yana hawa mata ƙashi da sanyi, da damina yana gumi, kuma shara ba ta da daɗi a kansa, kafin ka fara ka gama. Wannan na ƙarshen ya fi ba ni dariya a lokacin. Yanzu da nake da ɗakin da ake gama sharewa kafin a fara, na daina dariyar. Ni ma a tsakanin nan aka ɗauke ni aka kai ni makaranta Dutsin-Ma, sai hutu nake zuwa. In na zo sai in tarar jere yana nan tsaf, bango ya sha farar ƙasa, don waɗannan tana iya yi ita kaɗai. Ita kuma tana zaune a bakin gado tana yi wa kaji faɗa da sunayen da ta raɗa musu. A wani hutun ta gaya mini ƙawarta mai daddawa ta rasu. Ta faɗa ne a tsakiyar wata magana, ta wuce, ban kuma ga hawayenta ba.

Ina 'yar budurwa, na zo dogon hutu, ko jakata ban ajiye ba ta ce in saki asabari. Ta ɗaga tabarmar da ke gaban randa, idonta yana ƙyalli kamar yarinyar da ta ɓoye alewa. Siminti ya tsage. Tsaga ce mai kyau, ta taso daga gindin randa ta nufi ƙofa, gefenta har ya fara ɓarewa. Na ce ai sai a gaya wa Baba ya turo magini. Ta kai mini duka da faifai. Daga baya matar ƙanen babana ta tsegunta mini cewa tun da 'yar tsagar ta bayyana kamar zare, Kaka ta dawo da turmin dakan goronta daidai wurin, kuma randar da ta ƙi a sauya mata mai yoyo ce. Wato kiwon tsagar ta yi, kamar yadda ake kiwon ɗan akuya.

Saƙon da ta ba ni shi ne mafi nauyi da na taɓa ɗauka. Ta ce, "In kin koma ki ce ma mutumen gidanku, abin nan da anka yi ya gaji. Kada shi wahal da kainai. Ƙasa nike so."

Na kai saƙo. Baba yana cin tuwo, ya tsame hannu. Na ga abin ya sosa masa rai. Ya tambaye ni ko aikin ne bai yi kyau ba, ko wani ya faɗi wata magana, ya ce zai kawo wanda ya fi wancan iyawa, har da mai kala. Mahaifiyata ce ta sa baki a hankali ta ce Malam, a bar tsohuwa da abin da ranta ke so. Ya daɗe yana juya maganar, sannan ya ce, "Uwata, ce mata yadda ta ce haka za a yi." Bai gane ba, na ga haka a fuskarsa, amma har kuɗin amalanken da zai ɗebo ƙasa shi ya aika.

Ban taɓa ganin Kaka da ƙarfi irin na wannan shekarar ba. Ɓawon ɗorawa da kanta ta bi masu daddawa ta roƙa, ita da ba ta roƙo. Bayan kaka na dawo, yaran ƙanen babana suka farfasa simintin suka kwashe, aka zubo jar ƙasa mai tsakuwa. Ta aike ni gida-gida da goro in yi gayya, kowa ta ce in sha Allahu. Madaɓai ne suka ba mu wuya. Wani gidan an hura wuta da shi, wani an tokare ƙofar akurki, wani gidan kuma amaryar da na tarar ba ta ma san abin da nake nufi ba, ta miƙo mini muciya. Da ƙyar muka haɗa 'yan kaɗan, sauran aka sa masassaƙi ya sassaƙa.

Kuma sun zo, kada in ɗauki alhakinsu. Sun zo da yawa. Sai dai yawancinsu surukan ƙawayen Kaka ne da jikokinsu, sa'o'inta kuwa wasu sun rasu, wasu gwiwa ta hana su fita. Sun ci ado da atamfa da gyale, don sun ɗauka wani irin biki ne. Da suka ga ƙasa jiƙe sai aka yi ta dariya ana naɗe zani, aka durƙusa a jere da kyakkyawar niyya, kowace ta riƙe madaɓi tana jiran a ce a fara. Sai a lokacin, ina jin, Kaka ta tuna babu zabiya. Ta dubi wurin da ƙawarta ke zama a bakin ƙofa. Ta ajiye tsintsiyar makuba, ta yi gyaran murya, ita da ban taɓa jin ta ɗaga murya da waƙa ba, ta bayar.

Muryarta ta fita siririya, tana rawa, ta kai ƙarshen baitin ta tsaya inda ake amsawa. Ba wadda ta amsa. Madaɓai suna sama, mata suna kallon juna. Wata yarinya kunya ta sa ta yi 'yar dariya ta rufe baki. Kaka ta ɗauka ba su ji ba ne, ta sake bayarwa da ƙarfi, ta tsaya. Daga can waje wata tsohuwa da aka kawo aka zaunar a inuwa ta amsa ita kaɗai, numfashinta ya yanke a tsakiya, tari ya ƙwace. Ni ina durƙushe a cikin jeren, na ji amshin yana yawo a kaina tun na yarinta, amma kalmomin sun ƙi zuwa. Na sunkuyar da kai.

Kaka ta ɗauki tsintsiyarta ta tsoma a makuba. Ta ce, "To, ku buga hakanan, ɗiyana. Allah shi biya ku."

Aka buga. Kowace da nata lokacin, wannan ta sauka wannan ta ɗaga, kamar ana sassaƙa a kasuwa. Sun yi iya ƙoƙarinsu, hannayensu har suka yi kanta. Hira suke yi a tsakaninsu ta abin da ya dame su, Kaka tana bin bayansu da yayyafi, ba ta yi wa kowa faɗa ba. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali, don na san faɗanta na wanda ta ɗauka nata ne. Da azahar aka fara zamewa, wannan za ta ɗora girki, waccan yaro na kuka. Daɓe ya fita da tudu da kwari. Randa ma sai da aka sa mata dutse kafin ta zauna daidai.

Bayan la'asar muka zauna ni da ita a ƙofar ɗaki, ga sauran fura a ƙwarya ƙudaje na bi. Na zaci za ta yi fushi ko ta yi kuka. Sai ta ce ba laifinsu ba ne, ba a yi a gabansu ba, a ina za su ji. Sannan ta ce in matso. Ta ba da baitin nan na ɗazu a hankali, ta faɗa mini abin da ake amsawa, ta sake bayarwa, na amsa. Ta ce ban ja ƙarshen ba, in sake. Muka yi ta yi har aka kira magariba. Sauran hutun nan kullum da yamma haka muke, tana tsinkar ganye tana bayarwa, ina amsawa ina buga tafin hannu a cinya. Na ce ta koya mini bayarwar ma mana. Ta ce, "Bayarwa ba wuya, takwara, kowa da abin da ke cin shi. Mai amsawa nike nema."

Ba ta sake gayya ba. A kan wannan daɓen mai tudu da kwari ta ƙarasa kwanakinta, kuma ba ta yarda an taɓa shi ba. Duk hutun da na zo, kafin in sha ruwa sai ta jefo mini baiti daga cikin ɗaki don ta ji ko na manta, in amsa daga tsakar gida. Ranar da aka yi sadakar bakwai ɗinta, na shiga ɗakin na tarar da Baba zaune a ƙasa shi kaɗai, karo na farko ke nan da na gan shi ya wuce bakin ƙofar. Mahaifiyata ta riga ta warware masa komai. Yana shafa daɓen da tafin hannu. Bai ɗago ba ya ce, "Uwata, da ta faɗa mini tun farko." Mu duka mun san ba ta da bakin faɗa masa, shi ma ba shi da kunnen da al'ada ta yarda ya ji da shi.

Yau Baba ma ba shi. Ɗakin Kaka wata damina ta kayar da shi, an raba jeren, ni na tashi da langa biyu da fayafai. Ɗantutture ma ba kullum ake zuwa ba yadda hanya ta zama. Ina zaune a gidana a Dutsin-Ma, maigidana ya rasu, yara kowa ya kama gabansa. Falona ba laifi. Akwai tayil, akwai silin mai fitilu, labule ya dace da kujeru, ma'aikatan da ban san sunan ko ɗaya ba suka yi shi suka tafi. Fayafan Kaka na jera su a bango daga babba zuwa ƙarami, na bar wa ido wurin hutawa, har 'yan mata masu zuwa suna ɗaukar hoto suna cewa irin wannan adon ake yayi yanzu. In an tambaye ni shawarar gyaran ɗaki ina bayarwa, in ce a rage kaya, a zaɓi kala biyu, a sa abu ɗaya na gado a inda ido zai fara sauka. Abin da ba na iya faɗa shi ne a bar wani aiki a ɗakin wanda ba zai yiwu ba sai an kira mutane, don ban san yadda ake faɗin haka ba a yi mini dariya ba.

Amshin yana nan a bakina, ban manta ko ɗaya ba, har inda ake jan ƙarshen. Wani lokaci ina goge tayil sai in ji ya taso mini har maƙogwaro, in tsaya da tsumma a hannu ina jira. Amma amshi ba a fara shi, sai an ba ka. Na tambayi tsofaffi a Kurfi, na tambaya a Kutawa wajen dangin gwaggona, kowa ta ce ta san ana yi, baitin ne ya ɓace mata. Kaka ta samu mai amsa mata, ko da ɗaya ce, ko da a makare. Ni ce na rage da amsa a baki, ba mai ba ni waƙar.